Tambayoyi da Amsoshi Kan Binciken Abincin Kwaɗi da Yawan Nau'o'insu a Ƙasashe Masu Zafi

Duk wanda ya taɓa kwana kusa da fadama a farkon damina ya san yadda kukan kwaɗi ke cika dare, amma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi nau'i nawa ne ke cikin wannan hayaniya, ko me kowannensu ya ci kafin gari ya waye. Waɗannan tambayoyi biyu su ne ke fitar da masu bincike daga ɗakin karatu zuwa kurmi da bakin kududdufi da tocila a goshi. An shirya amsoshin da ke ƙasa domin ɗalibai da malaman kimiyyar halittu da sauran masu sha'awa, kuma da yawa daga cikin misalan sun fito ne daga wuraren da aka yi aikin: gabashin Ekwado, Fanama, Kodibuwa, Kamaru, arewacin Jamhuriyar Benin da Nijeriya.

Waɗanne halittu ake nufi idan aka ce dangin kwaɗi?

Ana nufin dabbobi masu ƙashin baya, masu fata mai laima wadda ruwa da iska ke ratsawa, waɗanda yawancinsu ke fara rayuwa a cikin ruwa kafin su hau tudu. Sun kasu gida uku. Gida mafi girma shi ne na kwaɗi, wanda ya haɗa da kwaɗon tsakar gida mai kaushin fata, da burduddugi, da ƙananan kwaɗin da ke maƙale a jikin ciyawa da ganyen bishiya. Gida na biyu shi ne na salamanda, masu wutsiya da siffar ƙadangare, waɗanda babu su ko kaɗan a Afirka kudu da Sahara. Na uku kuwa wasu halittu ne marasa ƙafafu da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa mai damshi, wanda ya tono su zai ɗauka ko babbar tana ce ko ƙaramin maciji. Nau'o'in da masana suka sanya wa suna sun haura 8,000, kuma kusan tara cikin kowane goma kwaɗi ne.

Me ya sa aka fi karkata ga ƙasashe masu zafi?

Domin can ne suka fi yawa, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Burazil kaɗai tana da nau'i sama da 1,000, Kolambiya tana da sama da 800, Kamaru ta haura 200, Nijeriya ta haura 100, alhali kuwa nau'o'in asali na tsibirin Birtaniya gaba ɗaya ba su kai goma ba. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na William Duellman na Jami'ar Kansas a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana aiki tare da ɗalibansa a Santa Cecilia, wani ƙaramin wuri a bakin kogin Aguarico a Ekwado, ya kuma wallafa sakamakon a 1978: nau'in kwaɗi 81 a wuri guda. Bayan haka aikin haƙar man fetur da kwararowar mazauna sun share mafi yawan dajin, ta yadda bayanan da ya tattara suka zama shaidar abin da ya taɓa kasancewa a wurin.

Dalilan yawan sun haɗa da ɗumi da damshi na kusan duk shekara, da kuma yawan maɓoya da wuraren haihuwa. A kurmi akwai kwaɗon da ke ƙwai a ruwan da ya taru a kogon bishiya, akwai mai manna ƙwansa a ganyen da ya sunkuyo kan rafi, akwai mai yi a cikin busasshen ganye a ƙasa inda ɗan kwaɗo ke fitowa cikakke ba tare da ya shiga ruwa ba. Duwatsu ma suna raba al'ummomi har su zama nau'i daban. Kwaɗon Xenopus longipes ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tafkin Oku da ke kan tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru, shi kuma kwaɗon tsaunin Nimba, a kan iyakar Gini da Laberiya da Kodibuwa, macensa tana ɗaukar ciki kimanin wata 9 ta haifi 'ya'ya cikakku.

Ta yaya ake ƙidaya nau'o'in da ke wuri?

Babu hanya guda da ta wadatar, kuma wannan shi ne darasin farko da mai koyon aikin ke fahimta. Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce a yanka siririn layi a cikin daji, a auna tsawonsa, a sanya alama a kowane zango, sannan a riƙa bin sa a hankali dare da rana ana rubuta duk kwaɗon da aka gani, da wurin da yake zaune, da tsayinsa daga ƙasa, da nisansa daga ruwa. Abin da ke ba wannan hanya daraja shi ne daidaita ƙoƙari, wato mutum nawa suka yi tafiyar kuma awa nawa suka ɗauka, domin idan ba a rubuta wannan ba, ba za a iya kwatanta daji da daji ko shekara da shekara ba. Da dare ana ɗaura tocila a goshi saboda idon kwaɗo yana maido da haske, kuma sai hasken yana kusa da idon mai dubawa zai hango ƙyallin.

Kwaɗin da ke cikin busasshen ganye ba su cika bayyana a kan layi ba, don haka ake keɓe fili murabba'i, misali mita 5 a kowane gefe, mutane su kewaye shi su riƙa ɗaga ganye da ruɓaɓɓen itace ɗaya bayan ɗaya har su haɗu a tsakiya. Masu tona ƙasa kuwa sai da tarko: a binne bokitai bakinsu daidai da ƙasa, a ja shingen leda a tsakaninsu, duk abin da ya zo wucewa ya bi jikin shingen ya faɗa ciki. Dole a duba bokitan kowace safiya, a kuma huda ƙasansu ko a ajiye soso da ganye a ciki, domin ruwan sama na iya nutsar da abin da aka kama, kwarkwasa kuma na iya cinye shi kafin a iso. Jariran kwaɗi ana kwaso su da raga a kududdufi. A shekarun baya-bayan nan an ƙara da ɗibar ruwan rafi a tace a nemi ɓurɓushin ƙwayoyin gado na DNA da dabbobin suka zubar, hanyar da ke iya nuna cewa wani nau'i yana nan ko da ba a gan shi ba, sai dai ba ta faɗin yawansa.

Kukan kwaɗo yana da amfani wajen gane shi?

Ƙwarai kuwa. Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, kuma na kwaɗo ma haka yake. Namiji ne ke kukan neman mace, kowane nau'i da irin nasa amo, ta yadda gwani zai tsaya a bakin tabki cikin duhu ya lissafo nau'o'in da ke ciki da kunne. Yanzu ana rataye ƙananan na'urorin naɗar sauti a jikin bishiya su yi makonni suna aiki, sannan kwamfuta ta mayar da sautin zane da za a iya aunawa. Kwaɗi biyu da ido ba zai bambance su ba sukan bambanta sarai a wannan zane. Gazawar hanyar ita ce ba ta jin mata, ba ta jin waɗanda ba su balaga ba, kuma nau'in da ke kuka dare biyu ko uku kawai a shekara, bayan ruwan sama mai ƙarfi, yana iya kuɓuce wa wanda ya zo mako guda a makare.

Idan an daɗe ana wannan aiki, me ya sa har yanzu ake samun sababbin nau'o'i?

Wasu ƙanana ne ƙwarai. Kwaɗon Paedophryne amauensis na Papuwa Niyu Gini, wanda aka bayyana a 2012, tsawonsa bai kai milimita 8 ba, kuma kukansa ya yi kama da na ƙwaro. Wasu suna wuraren da ke da wuyar shiga. Amma babban dalili shi ne binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa sau da yawa abin da aka daɗe ana kira da suna ɗaya nau'o'i ne da dama masu kama da juna. A 2014 an gane cewa kwaɗin da ke zaune a magangarun ruwa na kurmin Gini da Saliyo da maƙwabtansu sun bambanta da 'yan uwansu na tsakiyar Afirka har sun cancanci a ba su dangi na kansu, Odontobatrachidae. A 2021 aka bayyana Conraua sagyimase daga dajin Atewa na Gana. Akwai kuma waɗanda suka ɓace wa ido aka sake gano su, kamar kwaɗon Perret na duwatsun Idanre a Jihar Ondo, wanda aka bayyana a 1963, aka yi kimanin shekara 40 ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai a 2013 masu bincike daga Jami'ar Legas suka same shi a wurin.

Mai ƙidaya yana sanin ya kusa gamawa ne ta hanyar zana jadawalin sababbin nau'o'in da ya samu a kowane dare. Da farko layin yana hawa da sauri, daga baya ya fara kwanciya. Rahoton da layinsa bai kwanta ba amma ya yi iƙirarin cikakken jerin nau'o'in wuri, ya kamata a karanta shi da taka tsantsan.

Ta yaya ake sanin abin da kwaɗo ya ci?

A da sai an kashe shi an fede cikin, kuma har yanzu ana buɗe cikin waɗanda aka adana a kwalabe a gidajen ajiyar halittu tun shekaru masu yawa, abin da ke ba da damar sanin abincin kwaɗin dajin da yanzu ya zama gona. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara amfani da wankin ciki, wanda ba ya buƙatar kisa. Ana riƙe kwaɗon da hannu mai laima, a buɗe bakinsa da wani siririn abu marar kaifi, a zura tiyo mai laushi ta maƙogwaro har cikin tumbi, sannan a tura ruwa da sirinji a hankali har abin da ke ciki ya biyo ruwan ya fito. A tace shi a rariya mai ƙananan idanu, a zuba a kwalba da sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a rubuta lambar kwaɗon a jiki. Kafin a sake shi a daidai inda aka kama shi, ana auna tsawon jikinsa da nauyinsa da faɗin bakinsa. Wannan ma'auni na ƙarshe yana da muhimmanci, domin kwaɗo ba ya tauna, haɗiye abincinsa yake yi ɗungum, har yana runtse idanu yana danna su ciki su taimaka wajen tura lomar, don haka faɗin baki shi ke iyakance girman abin da zai iya ci.

Babban aikin yana zuwa ne a ɗakin gwaji, inda ake zama a gaban madubin ƙara girma ana rarrabe kawunan tururuwa da fukafukan buzuzu da ƙafafun gizo-gizo, ana ƙirga su, ana auna tsawo da faɗin kowanne domin a lissafa girmansa. Kwaɗin da suka yi ƙanƙanta da yawa ba a yi musu wankin ciki, sai a ajiye su a leda mai damshi har su yi kashi, a binciki kashin da ido ko da gwajin DNA.

Shin abin da aka samu a tumbi yana faɗin gaskiyar abincin gaba ɗaya?

A'a, kuma a nan ne rahotanni da yawa suke tuntuɓe. Tumbi yana nuna abincin 'yan awanni ne kawai, kuma ba ya yi wa kowane abinci adalci. Tana da tsutsa da sauran masu taushin jiki suna narkewa da wuri, su kuwa kawunan tururuwa da ɓawon ƙwaro suna daɗewa, saboda haka kwaɗon da aka bari ya kwana a jaka kafin a wanke cikinsa zai bayyana kamar ba ya cin komai sai tururuwa. Ƙa'idar ita ce a yi wankin cikin 'yan awanni bayan kamu, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Matsala ta biyu ita ce yadda ake lissafi. A ce an samu kiyashi 200 da gyare guda a tumbi ɗaya. Idan ƙirga aka yi, kiyashi sun mamaye abincin, idan kuma girma aka auna, wataƙila gyaren ya fi su duka a haɗe. Wannan ya sa ake kawo ma'auni uku tare: yawa, da girma, da kuma adadin tumbunan da aka samu wannan abu a cikinsu. Rahoton da ya kawo ɗaya kawai ya ɓoye rabin labari.

Ta uku ita ce wadda marubucin wannan shafi yake ganin an fi sakaci da ita. Samun tururuwa da yawa a cikin kwaɗo ba ya nuna cewa ya zaɓe su, domin a dajin ƙasashe masu zafi tururuwa na cikin ƙwarin da suka fi kowa yawa, duk wanda ya buɗe baki a ƙasa zai ci karo da su. Kafin a ce wani nau'i yana fifita wani abinci, sai an kafa tarkon ƙwari a wurin, an kwashi busasshen ganye an tace, an san abin da ke akwai, sannan a kwatanta da abin da ke cikin tumbi. Lokaci ma yana sauya komai. Daren da shinge, wato gara masu fukafukai, suka fito bayan ruwan sama, kusan kowane kwaɗo a yankin zai cika cikinsa da su, wanda ya yi bincikensa a wannan dare kaɗai zai rubuta cewa duka nau'o'in masu cin gara ne. Mazan da ke cikin kukan neman mata kuma sau da yawa tumbinsu wayam ake samu, ga shi su ne suka fi sauƙin kamawa, don haka samfurin yakan karkata wajensu.

Domin cike wannan giɓi ana yanke ɗan ƙaramin nama a auna nau'o'in sinadarin naitirojin da kabon da ke cikinsa, waɗanda ke nuna matsayin dabbar a jerin masu cin juna cikin makonni ko watanni, ko da yake ba sa faɗin sunan ƙwaron da aka ci.

Ashe ba duk kwaɗi ne ke cin duk abin da ya gifta ba?

Da yawa haka suke, amma ba duka ba. Catherine Toft, wadda ta yi aiki kan kwaɗin busasshen ganye a Peru da Fanama ta wallafa sakamakonta a 1980 da 1981, ta nuna cewa sun kasu kusan gida biyu. Akwai masu yawo suna tsintar ƙananan abubuwa masu tauri da yawa, musamman tururuwa da ƙananan dangin kaska, kuma waɗannan bakinsu tsukakke ne, yawancinsu kuma suna da dafi a fata. Akwai kuma masu laɓewa wuri guda, launinsu ya saje da ganye, bakinsu mai faɗi, suna jiran babban abu mai taushi kamar gyare ko fara ko gizo-gizo. Wannan rabe-rabe yana daga cikin abin da ke bayyana yadda nau'o'i masu yawa ke zama a fili ɗaya.

A Afirka ma akwai ƙwararru. Hemisus marmoratus, kwaɗo mai tsinin hanci da ke shiga ƙasa da kai, ya dogara ne ga gara da tururuwa. Phrynomantis microps, wani kwaɗo ja da baƙi na dajin ciyawa a Afirka ta Yamma, yakan shafe rani a cikin ramin tururuwa mai wari da harbi irin wadda ake kira gwano, kuma binciken Mark-Oliver Rödel na gidan ajiyar halittu na Berlin da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2013, ya gano cewa fatarsa na fitar da sinadaran da ke hana tururuwan far masa. A can gaɓar tekun Rio de Janeiro kuwa akwai Xenohyla truncata, wanda ke haɗiyar 'ya'yan itace, abin da ba a saba gani a wajen kwaɗi ba.

Mece ce alaƙar abinci da dafin da ke fatar wasu kwaɗi?

Wannan na cikin manyan abubuwan da binciken abinci ya warware. Ƙananan kwaɗi masu launi mai ɗaukar ido na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suna da ɗaruruwan sinadarai masu guba a fatarsu, kuma kwaɗon da ya fi tsananin dafi a cikinsu shi ne Phyllobates terribilis na yammacin Kolambiya, wanda aka bayyana a 1978, wanda mutanen ƙabilar Embera ta yankin suka saba goga tsinin kibansu a bayansa. John Daly, masanin harhaɗa sinadarai a Amurka da ya shafe shekaru yana nazarinsu, ya lura cewa waɗanda aka ƙyanƙyashe a keji aka ciyar da su ƙananan ƙudaje da gyare ba su da dafin. Daga nan aka bi diddigi aka gano yawancin sinadaran a jikin tururuwa da ƙananan dangin kaska da ƙadandoniya da wasu ƙwari na busasshen ganye, wato kwaɗon yana tara gubar ne daga abin da ya ci ya ajiye a fata. Kwaɗin Mantella na Madagaska, waɗanda ba danginsu na kusa ba ne, su ma sun bi wannan hanya.

Kada a haɗa wannan da kwaɗon tsakar gida mai kaushin fata. Shi jikinsa ne ke haɗa nasa dafin a cikin kumburi biyu da ke bayan idanunsa, shi ya sa karen da ya cafke shi yake sakinsa yana dalalar da yawu.

Me jariran kwaɗi ke ci?

Yawancinsu suna kankarar gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan haƙora masu kama da matsefi, kuma hanjinsu dogo ne a nannaɗe. An daɗe ana ɗaukarsu masu cin tsiro zalla, sai gwajin sinadarai ya nuna cewa da yawa suna samun abinci mai gina jiki daga ƙananan halittun da ke cikin abin da suke kankara. Wasu mafarauta ne sosai, kamar jariran burduddugi, Hoplobatrachus occipitalis, waɗanda ke cin jariran wasu kwaɗi da tsutsar sauro a kududdufan damina. A Kosta Rika da Fanama uwar Oophaga pumilio tana komawa ta zuba wa kowane ɗanta ƙwai marar ɗa ya ci. Daga cikin marasa ƙafafu, an gano a 2006 cewa 'ya'yan Boulengerula taitana na duwatsun Taita a Kenya suna ɓare fatar uwarsu mai maiƙo suna ci. A lokacin rikiɗa zuwa cikakken kwaɗo kuwa jaririn kwaɗo yakan daina cin abinci gaba ɗaya, hanjinsa ya gajarce, jikinsa ya riƙa zuƙe wutsiyar.

Me ke faruwa idan aka sare daji?

Binciken da Raffael Ernst da Rödel suka yi a gandun dajin Taï na kudu maso yammacin Kodibuwa, inda ake da nau'i sama da 50, ya nuna wani abu mai ruɗarwa: a dajin da aka ɗebi katako adadin nau'o'i bai faɗi sosai ba, amma waɗanda ke ciki sun sauya. Masu buƙatar inuwa mai kauri da ruwa mai ɗorewa sun ja baya, masu jure fili da bushewa sun maye gurbinsu. Da aka sake komawa daga baya an tarar cewa fiye da shekara 40 bayan saran, tarin kwaɗin bai koma yadda yake a dajin da ba a taɓa ba. Wanda ya tsaya ga ƙirga kawai zai ce babu ɓarna.

Ina gaskiyar cewa kwaɗi na ƙarewa a duniya, kuma wa abin ya shafa?

Babban tantancewar duniya da aka wallafa a 2023 ta duba nau'i sama da 8,000 ta tarar kimanin kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa, abin da ya fi na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa. Asarar muhalli ce kan gaba, sai sauyin yanayi da cuta. Cutar wani nau'in funfuna ne mai suna Batrachochytrium dendrobatidis, wanda aka bayyana a 1999, yana kama fata ya hana ta daidaita gishirin jiki har zuciya ta tsaya. Wani nazari na 2019 ya danganta shi da raguwar nau'i 501, ciki har da 90 da ake jin sun ƙare. A El Copé ta Fanama masu bincike suna wurin lokacin da annobar ta iso a 2004, saboda haka suna da bayanan kafin da bayan. Da jariran kwaɗi suka ɓace gansakuka ta ƙaru a ƙoramu, macizan da ke cin kwaɗi suka ragu, wani nazari na 2022 kuma ya gano cewa zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru a gundumomin Kosta Rika da Fanama bayan mutuwar kwaɗinsu.

An samu funfunar a Nijeriya da Kamaru, an kuma ga raguwar kwaɗi a tsaunukan Oku da Manengouba. Amma wani bincike na 2013 da ya gwada samfuri kusan 800 bai same ta ba a yammacin giɓin Dahome, wato dajin ciyawar da ya gangaro har bakin teku a Benin da Togo da kudu maso gabashin Gana ya raba kurmi gida biyu. Shi ya sa ake wajabta wa mai bincike ya wanke takalmansa da ragarsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya tashi daga wani rafi zuwa wani, ya kuma sanya kowane kwaɗo a ledarsa daban.

Ana buƙatar izini kafin a yi wannan aiki?

Ana buƙata. Sai an samu takardar hukumar gandun daji, da amincewar kwamitin jami'a mai kula da yadda ake mu'amala da dabbobi, da kuma izinin fitarwa idan za a kai samfuri wata ƙasa, ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya, wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan amfani da albarkatun halittu da ta fara aiki a 2014. Ban da takardu, ladabi ya tanadi a gaida mai gari a yi masa bayani, domin baƙon da ke yawo da tocila a bakin rafi tsakar dare zai jawo zargi.

Wannan bincike yana da wata alaƙa da yankinmu na dajin ciyawa?

Yana da ita ta fuska biyu. Ta farko kasuwanci ne. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan Nijeriya da Benin da Burkina Faso ya bi sawun cinikin kwaɗi, ya nuna cewa ana kama burduddugi da yawan gaske a fadamun arewa da kwarin kogin Kwara, har da kewayen Malanville a kan iyakar Benin da Nijar, a busar ko a ƙyafe, a cika buhuna a kai kasuwannin kudu maso yammacin Nijeriya, kuma adadin yana kai miliyoyi a shekara. Wankin cikin da aka yi wa wannan nau'i a arewacin Benin ya nuna cewa babban burduddugi yana cin ƙwari iri-iri na tudu, jariransa kuma, kamar yadda aka ambata, suna cin tsutsar sauro. Indiya ta haramta fitar da ƙafafun kwaɗi zuwa waje a 1987, kuma fargabar ƙaruwar ƙwarin gonakin shinkafa na cikin dalilan da aka bayar.

Ta biyu ita ce dabarun tsira daga rani, waɗanda masu bincike a gandun dajin Comoé na arewa maso gabashin Kodibuwa suka daɗe suna nazari a kansu. Wasu nau'o'in suna shigewa ƙasa kafin laka ta bushe, su lulluɓe jikinsu da matacciyar fatarsu ninki-ninki, su yi watanni ba ci ba motsi. Ƙananan Hyperolius nitidulus kuwa ba sa ɓuya, suna maƙalewa ne a jikin busasshiyar ciyawa cikin rana tsaka, su naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, fatarsu ta koma fari fat tana maido da zafin rana. Wannan yana nufin mai son ƙidaya kwaɗin fadama a irin wannan yanayi dole ya kasance a wurin tun kafin ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, da bokitansa a binne da na'urar naɗar sautinsa a rataye, domin wasu nau'o'in suna fitowa su yi kuka su zuba ƙwai su koma ƙasa cikin 'yan kwanaki.